Gobarau Na Tsaye, Magina Na Ƙarewa

Duk wanda ya taɓa kai baƙo Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina ya san tambayar da ke biyo bayan ɗaukar hoto: shekararta nawa? Amsar ba ɗaya ba ce. Yawancin ruwayoyi suna kai ta zamanin Sarki Muhammadu Korau, to amma shi kansa Korau ba a daidaita a kan zamaninsa ba. Wasu sun sa mulkinsa daga 1348 zuwa 1398, wasu kuma sun kawo shi cikin ƙarni na 15, dab da lokacin da Shehu Magili ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1490. Akwai ma masu ganin sai bayan Korau aka ɗaga ta. Wannan gardama ta masana tarihi ce, kuma tana da daɗin saurare. Sai dai akwai tambayar da ta fi ta nauyi ga mai son hasumiyar ta kai ga jikokinsa, kuma ba a cika yin ta ba: a cikin ƙasar da ke jikin ginin nan yau, wacce ce ta zamanin Korau?

A abin da ido ke gani dai kusan babu. Hasumiyar mai tsawon kimanin mita 15 ita ce abin da ya saura daga tsohon masallacin Juma'a na birni, wanda aka ƙaurace wa bayan jihadi, a zamanin Ummarun Dallaji. Ta sha zaizaya, ta sha yaɓe, an yi mata babban gyara a zamanin Sarki Dikko, an kuma sake taɓa ta bayansa ba sau ɗaya ba. Wasu in suka ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ɗauka an ce musu jabu ake nuna wa baƙi. Ni kuwa a nan nake ganin darajarta. Gobarau ta kawo yau ne domin kowane zamani ya samu ƙasar da ta dace, ya samu magini da ya san ta, ya kuma samu mai ikon cewa a tashi a yi aiki. Riƙon ginin ƙasa ya fi kama da kiwo: ranar da aka daina shayar da dabba, ranar ta fara mutuwa, ko da za ta ƙara kwanaki tana tsaye. Abubuwan nan uku kuwa, ƙasa da magini da mai ba da umarni, duk sun yi rauni a Katsina, kowanne da dalilinsa.

Kafin a gane abin da ake rasawa, sai an san yadda ake aikin. Yana farawa ne daga kududdufi. Magini ba kowace ƙasa yake karɓa ba. Yana neman mai danƙo daidai, wadda yashi bai yi mata yawa ba balle ta ruguje, laka kuma ba ta rinjaya ba balle ta tsattsage in ta bushe. A jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake tattakawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bangon ya raba ƙafa, yara na jefo masa tubali da curin ƙasa, yana jerawa tsini na kallon sama yana cike tsakani. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Duk wannan aikin rani ne, domin kowane zubi sai ya sha iska kafin a ɗora wani.

Gwaninta tana bayyana ne a rufi. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son namijin, kuma gara ba ta samun ta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka. In za ta ɗauki nauyin ƙasar rufi, tazarar da za ta haye ba ta wuce tsawon gaba guda ba, wato wajen mita 2. Kusan duk abin da ke ba mutum mamaki a tsohon soro dabara ce ta ƙetare wannan iyaka. Ta farko ita ce tauyi, a leƙo da gajerun azara daga saman bango don a rage tazarar. Babbar kuwa ita ce baka. A kafa azara cikin bango ta leƙo waje, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. Sai a ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa da ɗan karkata, haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Ba katakon da ke tallafe da ita daga ƙasa, ba takarda, ba awo sai kamu da taƙi da ido. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki aka samu ɗaurin guga, ana iya rufe fili mai faɗin mita 7 ko 8 ba ginshiƙi ko ɗaya. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Amma ko a Katsina da Daura, wanda ya shiga tsofaffin sorayen fada ya ɗaga kai zai ga irin aikin.

Sai kuma kāriya daga ruwa, wanda shi ne babban abokin gaba. Kusan duk ruwan shekara a ƙasar Katsina cikin wata huɗu yake sauka, kuma da iska yake zuwa, yana dukan bangon gabas. Zankwayen da muke ɗauka ado ne kawai suna danne kusurwa, inda zaizaya ke fara ci. Rawani yana kāre kan bango. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin gini, kuma shi ne abin da ya fi kowane kashe soro in aka yi sakaci: ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwa ya kwanta a rufi, ƙasa ta sha ta yi nauyi, kan azara ya ruɓe a cikin bango, wata rana cikin Agusta a ji rugum. Shi ya sa a da kafin ruwan fari maigida ke sa a hau a share indararo, a lilliƙe tsaga. Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a bakin aikinsu suka gani.

Fatar bango kuwa tana da nata sinadarai. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a haɗa da ƙasa a shafe, ruwa ya riƙa zamewa. Laso ya fi ta ƙarfi da tsada: katsi ne daga rijiyar marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin akuya daga wurin majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. A duba wannan jeri da kyau. Rufin soron attajiri ya dogara da marini, da majemi, da mai saran daji, da itatuwan ɗorawa da giginya da ke gonaki. Da rini na karofi ya ja baya, katsi ya yi wuya. Da jima ta koma hannun manyan masana'antu, gashin ya bi ta. Giginya kuwa sai ta shekara da yawa ƙwarai kafin ta isa tsaga, ana sara ba a dasawa, don haka azara mai kyau yanzu daga nesa ake kawo ta, da tsada, kuma sau da yawa ɗanya ce. Magini zai iya riƙe iliminsa tsaf a ka, ya rasa kayan da zai yi aiki da su. Wannan ɓangare na matsalar ba ya cikin wata takardar adana kayan tarihi da na san ana magana a kai, alhali shi ne gindinta.

Batun mai ba da umarni ya fi fitowa fili a ganuwa. Ruwayoyi suna danganta ta da Sarki Ali Murabus. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20, ya kuma ce mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin kasuwa ta riga ta koma Kano. Bango mai irin wannan tsawo ba ya tsayuwa da son rai. Sarki ke raba shi, kowane hakimi da unguwa da nasu sashe, a fito bayan damina a gyara, kuma a faɗi gaskiya, da yawan masu ɗaukar ƙasar nan bayi ne da talakawan da ba a tambayi ra'ayinsu ba. Mutane sun jure domin ganuwa ita ce tsakaninsu da mahara daga Maraɗi. Da Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, yaƙi ya ƙare, dalilin ganuwa ya ƙare tare da shi. Abin da ya rage shi ne tulin ƙasa da aka riga aka tace, aka cuɗa, tana jiran mai jaki. An ɗiba an yi gidaje, aka yanka filaye, aka fasa hanyoyi. Yau sai guntaye nan da can.

Duk da haka, zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, bai bar manyan gine-gine marayu ba. A Katsina aka fara kafa Baitulmali a Arewa, a farkon sarautar Dikko, kuma En'e tana da kuɗi da ma'aikata da magina a ƙarƙashin sarki. In soron hukuma ya tsage, an san wanda za a kira da aljihun da za a taɓa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da wannan iko, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen birni a hannun gwamna. Ba ina cewa a koma baya ba ne. Ina cewa an kwance wani tsari ba a ɗaura wani a gurbinsa ba. Yanzu doka tana hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979 a kan tsohuwar dokar 1953. Fili da kuɗi suna hannun jiha. Tarihi da kunyar abin suna fada. In bango ya faɗi, kowa na da wanda zai nuna.

Ga kuma siminti, wanda ya shigo da sunan taimako. Tunanin mai sauƙi ne: tunda ruwa ke cin ƙasa, a rufe ta da abin da ruwa ba ya ci, a huta da yaɓen kowace shekara. Shekara biyu ko uku abin yana kyau. Amma bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi da damina, yana fitar da shi ta fatarsa da rani. Filastar siminti tana toshe wannan hanya. Kuma ƙasa da siminti ba sa miƙewa da takurewa tare in zafi ya sauya, saboda haka filastar tana rabuwa da bangon a ɓoye, ta yi ƙananan tsagogi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ƙasar ciki ta koma taɓo, gara ta samu inuwa da laima, kan azara ya ruɓe. Daga waje bango sumul, har da fenti. Ranar da zai tona asiri sai filastar ta ɓalle falle guda, a ga rami a bayanta. Zaizayar yaɓen ƙasa a fili take, kowa na gani, ana tarar ta da kwando biyu. Ta bayan siminti ba a ganinta sai ta gama aiki. Tsofaffin magina sun san wannan sarai, amma wa ke tambayarsu in an ba da kwangila?

Akwai wata ɓarnar da ba ta taɓa bango da hannu, ita ma daga gyara take zuwa. Duk sanda aka sake zuba kwalta ko aka yi wa lungu daɓen siminti, hanya tana ƙara tudu, tsohon gida yana komawa kwari. Zauren da a da ake hawa a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan titi yana kwanciya a gindin bango, gishirin ƙasa yana hawa yana cin tubalin ƙasa-ƙasa, har bango ya zama mai siririn gindi da nauyin kai. Kududdufan cikin birni kuma, waɗanda daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gina unguwannin, su ne matattarar ruwan unguwannin. An cike da yawansu da shara an yi filoti. An rasa wurin ɗibar ƙasa, an kuma rasa inda ruwa zai tafi, a bugu ɗaya.

Ƙofofi sun fi ganuwa sa'a, in sa'a ce. Sunayen suna nan daram a bakin kowane ɗan acaɓa da mai Keke Napep: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga. Amma tsohuwar ƙofa an yi ta ne don raƙumi da doki, kuma don a iya rufe ta da dare, ba za ta ɗauki tirela ba. Abin da ake gani a yawancin wuraren yau ginin zamani ne da aka yi wa zanko don a tuna da na da. Ban ga laifin faɗaɗa hanya ba, gari mai girma dole ya numfasa. Abin da ke damuna shi ne a kira wannan adanawa. Alama ce, kuma alama tana da amfaninta, amma yaron da ya tashi yana ganinta ba zai taɓa sanin kaurin ƙofar gaske ba, ko duhun cikinta, ko yadda aka jera azarar rufinta. Da an ratsa da hanya ta gefe an bar tsohuwar a tsaye, an samu biyun.

To ina gidajen tarihi a cikin wannan? Katsina ta yi dace da abu guda: gidan tarihinta na ƙasa yana cikin ginin da shi kansa kayan tarihi ne. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka fara a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, da ƙasa da azara maginan gari suka gina ta. Nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. An sa ginin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1959. Mai ziyara yakan shiga yana neman takubba da tukwane da hotuna, ya fita bai lura cewa abu mafi daraja da ya gani shi ne rufin da ke kansa ba, da sanyin da ya ji a ɗakin cikin watan Afrilu ba tare da fanka ba.

Kayan da ake sawa a gilashi suna da hanyarsu sananniya. Abin da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, a 1992, har Jamus aka kai shi, aka tsabtace a ɗakin bincike, aka gano zinariya da hauren giwa da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen Larabawa. Irin wannan in an gyara sau ɗaya aka kiyaye shi daga laima da ɓarawo, zai daɗe. Gini ba ya shiga gilashi. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin warware wannan a Najeriya shi ne Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya yana zana su, daga ƙarshen shekarun 1950. Da ya ga ana rushe su da sauri, sai ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kawo magina suka sake gina wasu da girmansu na ainihi: sashen ganuwar Kano, masallacin Zariya, da wani ɓangare na fadar Katsina. Ya rasu a 1982. Masallacin Zariya na asali kuwa tun a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya saura daga cikinsa da sabon gini.

Aikin Jos babban aiki ne, kuma zane-zanen Dmochowski sun ceci siffar gine-ginen da babu su yau. Amma abin da ya biyo baya darasi ne mai ɗaci. Jos ta fi Katsina ruwa nesa ba kusa ba, kuma kwafin ginin ƙasa ginin ƙasa ne, yana son yaɓe kamar na asali. Da kuɗin kulawa ya ja baya, su ma suka fara zubewa. An ɗauke siffar an kai wani gari, an bar abin da ke raya ta a baya.

Saboda haka in ana maganar tara kayan fasahar gini a gidan tarihi na Katsina, ni abin da zan so gani ya wuce tsohon ƙyaure da hoton ƙofa. A auna kowane tsohon soro da ya rage a birni, a zana, a ɗauki hoto ciki da waje. A zauna da dattawan magina da na'urar ɗaukar murya da bidiyo, a bar su su yi bayani da bakinsu: daga wane rami ake ɗibar ƙasar rufi, kwana nawa take ruɓa, yaya ake gane azarar da ta nuna. A ajiye samfurin ƙasa da makuba da laso tare da yadda aka haɗa su. Sama da duka, a mai da gyaran ginin kwalejin na kowace shekara ya zama makaranta, ɗaliban zanen gini na jami'a da na kwalejin fasaha su cire takalmi su shiga taɓo a ƙarƙashin Sarkin Magina. A biya shi kuma kamar yadda ake biyan malami, ba a sallame shi da kuɗin goro ba.

Daura ta bi wata hanya da rijiyar Kusugu, inda aka kewaye ta da ginin zamani. A can ban ga abin ƙorafi sosai ba, domin abin da ake adanawa rijiya ce da gurbinta da labarin Bayajida, ba bango ba. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan magani a kai wa soro. A fadar Daura, kamar a Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, tsofaffin sassan da suka rage sun rage ne saboda ana zaune a cikinsu, ana fadanci, akwai mai jin kunya in baƙo ya ga tsaga. Haɗarin da ke kansu ba sakaci ba ne, son gyara ne: mai kuɗi ya zo da niyyar alheri ya ce zai sabunta wa sarki fada, a wayi gari an sa tayil inda daɓe yake.

Wani zai ce, in ana sabunta fatar gini kullum, ina asalin yake? Turawa ma sun yi wannan muhawara. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta daɗe tana jagorantar masu adana gine-gine, an rubuta ta ne da dutse a zuciya, tana girmama ainihin kayan da maginin farko ya taɓa. Sai a 1994, a taron Nara ta Japan, ƙasar da ke da wurin ibadar da ake rushewa a sake ginawa duk shekara 20, aka yarda cewa sahihanci yana iya zama a cikin fasaha da al'ada da amfani, gwargwadon yadda kowace al'umma ta ɗauke shi. Maƙwabtanmu ba su jira Nara ba. Babban masallacin Jenne a Mali ginin 1907 ne a kan tsohon gurbi, kuma duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi a rana ɗaya, ƙungiyar magina na jagora. Hasumiyar Agadas mai mita 27 an fara ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, itatuwan da suka leƙo daga jikinta kuma matakala ce ta masu yaɓe. Ba wanda ya ce jabu ce, Unesko ta sa birnin cikin jerinta a 2013. Hubbaren waliyyan Tumbuktu da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka tayar da su cikin shekara uku, domin ilimin yana raye. Najeriya kuwa wurare biyu take da su a wannan jeri, Sukur da kurmin Osun na Osogbo, babu birnin Hausa ko ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙasar Tawa a Nijar. A ƙauyen Yama, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa baka da tulluwa da hasumiyoyi har farkon shekarun 1980, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji. Wannan ya nuna sana'ar ba ta tsufa ba. Inda aka ba ta aiki, tana haihuwa.

Sai dai kada masu son tarihi su yi wa talaka rashin adalci. Mutumin da ya rushe ɗakin ƙasa ya sa bulo da kwano ba jahili ba ne. Ya gaji da fargabar Agusta, ya ji labarin gidajen da suka faɗa wa masu barci. Gayyar da a da ke yaɓe gida a wuni ɗaya da tuwo da fura babu ita, yanzu lebura kuɗi ne, ƙasa kuma sai an sayo a tifa. Ga maganar mutane: ana neman aure a ce gidansu na ƙasa ne. Ga rabon gado, wanda shi ne ya fi cin manyan gidajen cikin birni. Gidan attajiri mai zaure uku ya faɗa hannun magada ashirin, ba wanda zai iya sayen kason sauran, sai a sayar ko a tsaga, mai saye kuma shaguna yake so. Ba za a ce wa waɗannan mutane su zauna cikin wahala don baƙo ya zo ya ɗauki hoto ba. Ba kuma za a ceci kowane gida ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a zaɓi kaɗan masu daraja, unguwa ɗaya ko biyu kusa da Gobarau da Ƙofar Soro, a taimaki masu su da kayan aiki da magini, a gyara magudanar ruwan lungunan, a bar su su sa lantarki da famfo da banɗaki na zamani. Inda magada ke son sayarwa, hukuma ko masu hali su saya su yi waƙafi, a mai da shi makaranta ko ɗakin karatu, domin ginin ƙasa da aka kulle ya fi wanda ake kwana a ciki saurin mutuwa.

Kuɗin da ake bukata ba shi da yawa in aka kwatanta da gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura. Wahalarsa ita ce irinsa. Tsarin kasafinmu ya fi son babban aiki na lokaci ɗaya, mai kwangila da allo da ranar yanke ƙyalle. Yaɓe kuwa ƙaramin kuɗi ne da dole ya fito kowace shekara, a kan kari, tsakanin ƙarshen damina da farkon bazara, a hannun mutanen da ba su da rajistar kamfani. In ya makara wata uku ya zama banza. Shi ya sa ake barin gini shekara goma ba a taɓa ba, sannan a ware miliyoyi a kira ɗan kwangilar da bai taɓa riƙe tubali ba, shi kuma ya kawo abin da ya sani, siminti da rodi da fenti ruwan ƙasa. Jihar Katsina, tun da aka ƙirƙire ta a 1987, tana da hukumar tarihi da al'adu, masarautun biyu kuma suna da sarakunan magina. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wasu magina aiki na dindindin da albashi, kowanne da yaran da yake koyarwa, a keɓe ramin ɗibar ƙasa da doka ta hana a yanka shi filoti, a kuma sa giginya da ɗorawa cikin itatuwan da ake rabawa a shirin dashen kowace damina, maimakon darbejiya da turare kaɗai.